AZUMI DA LAFIYAR JIKI: KOWA YA ƘIRGA JARINSA KAFIN A GA WATA

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na watan Sha'aban a Sabo, Ibadan



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya raya mu Ya kawo mu wannan wata na Sha'aban, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, samarinmu 'yan ci-rani, ina yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan azumi da lafiyar jiki. Kun san ni, ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin malamanmu, da bakin likitoci, da abin da idonmu ke gani kowace shekara a Sabo da Bodija da kara. Kuma maganata guda ɗaya ce. Ba ɗan kasuwar da zai shiga mota zuwa sarin kaya bai ƙirga kuɗin da ke lalitarsa ba. To lafiya ita ce jarin mai azumi, Hausawa kuwa sun ce lafiya uwar jiki. Kowa ya san abin da ke jikinsa tun yanzu, kada ya bari sai rana ta take a goma ga wata.

Da farko mu gyara niyya. Azumi ibada ce, don Allah muke yi, ko yana da amfani ga jiki ko ba shi da shi. Akwai wata magana da ake jingina wa Annabi (S.A.W.) mai nuna cewa azumi yana kawo lafiya, amma malaman hadisi da dama sun ce isnadinta mai rauni ne. Haka kuma duk shekara sai an yi ta tura wani saƙo a WhatsApp cewa wai wani Bajapane ya gano azumi yana warkar da ciwon daji. Mutumin nan akwai shi, sunansa Yoshinori Ohsumi, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 2016. Amma aikinsa a kan ƙwayoyin yis ya yi shi, wato abin da ake kumbura burodi da shi, inda ya nuna yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da shi. Bai yi bincike a kan Ramadan ba. Addininmu ba ya bukatar a yi masa ƙarin gishiri. Kada wani mai ciwo ya ajiye maganinsa saboda saƙon waya.

To mene ne yake faruwa a jikin mai azumi? A nan ƙasar Yarbawa daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana kamar awa 13 ne. Bayan kamar awa takwas da yin sahur, jiki ya gama aiki da abin da aka ci, sai ya juya ga ajiyar da ke cikin hanta, domin hanta tana ajiye sukari wajen giram 100. In wannan ya ja baya sai ya fara taɓa kitse. Kun ga ke nan ta wajen abinci Allah Ya yi mana sito a jiki. Shi ya sa mai lafiya ba abin da yunwar yini ɗaya za ta yi masa. Bincike da yawa da aka tattara sun nuna masu azumi kan rage nauyi kamar kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, wasu ma jininsu yakan ɗan sauka. Sai dai kilon nan yakan dawo 'yan makonni bayan salla, saboda mun koma gidan jiya.

Amma ruwa, jama'a, ba shi da sito. Abin da ya fita ya fita. Ƙoda ce kawai ke ta ƙoƙarin tsuke fitsari don ta rage asara. Kuma ku lura da lokacin da azumi ke zuwa mana a 'yan shekarun nan. A 2024 mun ɗauka ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, haka yake ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Fabrairu da Maris kuwa su ne watannin da suka fi zafi a nan. Zafin Kurmi kuma ba irin na gida ba ne. A Arewa zufa tana fita iska ta busar da ita jiki ya yi sanyi. A nan iskar kanta a jiƙe take, sai mutum ya yi ta tsiyaya riga sharkaf, amma jikin bai huce ba. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye ta zufa a cikin awa guda. Lita ɗaya ruwan leda biyu ke nan. To ku auna ɗan dakon da ya yini yana sauke buhunan albasa, ko mai tura baro, ko mai ruwa, ko mahaucin da ke kwata tun asuba.

Saboda haka shan ruwa da dare aiki ne da ake tsara shi. Daga magariba zuwa sahur mai zaman shago ya samu aƙalla lita biyu, wato ruwan leda huɗu, mai aikin ƙarfi kuwa ya fi haka sosai. Kuma ba a ɗura shi lokaci guda ba, domin abin da aka kwankwaɗa a tashi ɗaya yawancinsa fitsari zai tafi. A sha a buɗa-baki, a sha bayan asham, a sha kafin barci, a sha a sahur. Ga awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar likita: dubi fitsarinka. In ya fito fari-fari da ɗan ɗorawa, lafiya lau. In ya fito ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma ɗan kaɗan, to jikinka yana bin ka bashin ruwa.

Yanzu mu zo kan tabarmar shan ruwa, inda yawancin ɓarnar take. Mutum ya yi haƙurin awa 13, da an kira salla sai ya rama a minti goma: ƙosai, soyayyar doya da ƙwai, kunu an zabga masa suga, zoɓo an zabga masa suga, ga lemon kwalba mai sanyi a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl tana ɗauke da kusan cokali tara. Kun ga kafin a taɓa kunu an kusa cinye kason yini. Gishiri kuma suka ce kada ya wuce giram 5, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya da ɗan ƙullin da ke cikin ledar indomi. Gishiri yana tayar da jini, kuma yana jawo ƙishirwar gobe.

Abin da sunna ta koyar shi ne dai likita ke faɗa. A buɗe baki da dabino ko ruwa, a tashi a yi salla, sannan a dawo a ci a natse, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu a ciki. Nan garin Allah Ya hore mana lemon zaƙi, gwanda, abarba da kankana, ga su nan a bakin hanya. Sahur kuma a jinkirta shi, kada a ci da sha biyun dare a kwanta a ce an gama. A nemi abin da ke riƙe ciki: tuwo da miyar kuka, wake da shinkafa, alale, ɗanwake, fura da nono. Shayi da burodi kaɗai kafin hantsi sun bar ka.

Mu masu goro kuma, ciwon kan nan da ke kama mu a kwanakin farko yawanci ba yunwa ba ce. Goro da shayi da kofi suna da sinadarin kafin, in jiki ya saba aka yanke masa rana ɗaya sai kai ya sara, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya saki. Maganinsa a fara ragewa tun yanzu a Sha'aban. Mai cin goro biyar ya koma uku, ya koma ɗaya.

Wannan duk ga mai lafiya ne. Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato marasa lafiya.

Allah da Ya wajabta azumi a Suratul Baƙara, a wurin nan dai Ya ɗauke wa mara lafiya da matafiyi, Ya ce su rama daga baya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji babin azumi a Risala ya san wannan. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin wajibi ne a kansa. To me ya sa duk shekara sai mun ɗauki wani ranga-ranga zuwa asibiti? Kunya ce, jama'a. Kada a ce wane ya sha azumi. Kada maƙwabtanmu da ba Hausawa ba su ga Bahaushe yana tauna da rana. Dattijo yana jin nauyin 'ya'yansa, yaro yana tsoron gorin abokan ɗaki. Wallahi wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron mutane ne.

Mu fara da ciwon suga. A 2001 an yi wani babban bincike a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, aka bi mutum fiye da 12,000 masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2004. An samu kashi 79 cikin ɗari na masu nau'in da ke kama manya sun yi azumin aƙalla kwana 15. Amma faɗuwar suga mai tsanani, irin wadda sai an kwantar da mutum, ta ninka sau bakwai da rabi a cikin watan. Dalili shi ne maganin yana ci gaba da aikinsa na sauke suga alhali ba abinci a ciki. Kuma magungunan ba ɗaya suke ba. Metformin ba kasafai yake kayar da suga ba, amma irin su Daonil da allurar insulin suna iya kayar da mutum. Saboda haka likita ne zai gyara awo da lokacin sha, ba kai ba, ba mai kemis ba.

Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta fitar da jagora a kan azumi a 2016, ta sabunta a 2021. Sun ce mai ciwon ya ga likita makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan. Mu yanzu mun makara da wannan lissafi, amma gobe ta fi jibi. Sun kuma ce in na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, a sha ruwa nan take, ko da saura minti biyar a kira salla. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Allura ma, wadda ba ta abinci ba, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997 ta ce ba ta karyawa.

Ku riƙe alamomin faɗuwar suga: rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, gani dishi-dishi, sai mutum ya fara magana ba kan gado. In ka ga abokin zamanka haka, kada ka ce iska ce ta buge shi a tsaya neman hayaƙi. In yana iya haɗiya ba shi ruwan suga ko lemo ko dabino. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota sai asibiti.

Hawan jini kuwa, wanda jininsa ya daidaita a kan magani yawanci yana iya azumi. Abin da ba a so shi ne ajiye ƙwaya har bayan salla. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a ji an ce wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. A je likita ya mayar da maganin sahur ko magariba, musamman ƙwayar nan mai sa yawan fitsari, domin shan ta da asuba yana ƙara wa mai azumi asarar ruwa.

Sai olsa, wato gyambon ciki. Mun taso muna jin cewa yunwa ce ke kawo shi. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna cewa yawancinsa wata ƙwayar cuta ce a cikin tumbi, har aka ba su Nobel a 2005. Ma'ana ana gwada shi, ana kuma warkar da shi da magani na mako ɗaya zuwa biyu. Abu na biyu da ke kawo shi shi ne maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da Feldene, waɗanda samarinmu masu aikin ƙarfi ke watsawa a baki kamar gyaɗa. Mutum ya yini ba ruwa, ya haɗiye su a kan ciki wayam, ya ci tumbi ya ci ƙoda lokaci guda. Wanda gyambonsa ke tashe, ko ya ga bayan gidansa baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, wannan ba mai azumi ba ne, majinyaci ne.

Haka mai ciwon ƙoda, haka mai sikila, domin rashin ruwa yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Mai zazzaɓin cizon sauro, wanda a nan Kurmi ba ya da rani ba ya da damina, ya sha maganinsa yadda aka tsara, sau shida a kwana uku, tare da abinci, ya rama azumin daga baya. Mai maganin tarin tibi na wata shida kada ya tsallake ko kwana ɗaya, ya tambayi ma'aikatan asibiti lokacin da zai riƙa sha.

Iyayenmu mata, mai juna biyu da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, da mai shayarwa da ta ji tsoro ga jaririnta, shari'a ta ba su dama. In jiri ya yawaita, ko fitsari ya ragu, ko motsin ɗa ya yi ƙasa, a sha ruwa a tafi awo. Mu kuma maza mu ji tsoron Allah. Matar nan tana azumi kamar kai, ta yini a gindin murhu cikin hayaƙi tana tuyar ƙosai, kai kana ƙarƙashin fanka kana kirga kala nawa za a kawo maka. Rage kala sadaka ce. Tsoho da ya kai ba ya iyawa kuma ba rama a kansa, an dai so ya ciyar da mudun Annabi a kowace rana.

Direbobinmu masu jigilar shanu da kayan gwari tsakanin Arewa da Kudu, ku ma ku saurara. An yi asham, an yi hira, an tashi sahur, barcin bai kai awa huɗu ba, sannan a hau tirela. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu a kan babbar hanya ya isa. Tafiyar da ake sha mata azumi a mazhabarmu mil 48 ce, wajen kilomita 80. Daga nan zuwa Ikko ma ya haura kilomita 120, balle Kano ko Sakkwato. Akwai sharuɗɗa, ga malamai nan ku tambaye su. Wanda ya zaɓi ya yi azuminsa, to in barci ya zo ya faka ya kwanta. Tumatir ya ruɓe ya fi a rasa rai.

Mai aikin ƙarfi kuwa, malamai sun yi bayaninsa a hukuncin masu girbi: ya kwana da niyya, ya tashi da azumi, in wahala ta kai shi ga tsoron cutuwa ya sha ya rama. Amma ni a nan da mu iyayen gida nake. Yaran nan sun baro iyayensu a Katsina, Zamfara, Jigawa, wasu daga Maraɗi da Damagaram, ba mata ba uwa, kwanansu a shago ko barandar masallaci, sahur ɗinsu garin kwaki ko shayi. Ba su da kowa a garin nan sai mu. In mota ta iso, me zai hana a sauke kaya bayan asuba da sanyin safiya, ko a bari sai bayan asham? Me zai hana a raba aikin rana gida biyu a bar su su shiga inuwa? In ka ga yaro jikinsa ya yi zafi rau, yana tangaɗi, yana sambatu, zafin rana ne ya kama shi, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwara masa ruwa a jiki ana fifita, a ba shi ya sha in yana cikin hayyacinsa, a garzaya asibiti. Wanda ya tsaya yana yi masa wa'azin haƙuri a wannan hali, shi ma Allah zai tambaye shi.

Saboda haka ina roƙon shugaba da kwamiti abu uku. Na ɗaya, kafin a ga wata a gayyato ma'aikatan lafiya su zauna a harabar masallaci yini ɗaya ko biyu, a auna jini da suga ga duk wanda ya kai shekara 40, da duk mai ƙiba, da wanda ciwon ke danginsu. Da yawanmu muna yawo da waɗannan cututtuka ba mu sani ba, alhali ga U.C.H. da Adeoyo nan kusa da mu. Na biyu, kuɗin da muke tarawa na ciyarwa, a rage lemon kwalba a ƙara ruwa da dabino da 'ya'yan itace, kuma a ware wani kaso don sahur ɗin 'yan ci-rani, domin kowa buɗa-baki yake bayarwa, ba mai tuna asuba. Na uku, ina roƙon malamanmu masu tafsiri, Allah Ya gafarta muku, ku ɗauki dare ɗaya a goman farko ku yi bayanin rangwamen mara lafiya ɓaro-ɓaro. Abin da likita zai faɗa sau goma a ƙi ji, ku in kun faɗa sau ɗaya an ɗauka.

Mu kuma sauran jama'a mu kame bakinmu. In ka ga Musulmi baligi yana shan ruwa da rana, kyautata masa zato, ba ka san abin da ke jikinsa ba. Shi ma ya sakaya, ya ci a ɓoye don girman watan. Wanda ya karɓi sauƙin da Ubangijinsa Ya ba shi bai rage komai ba a wurin Allah, kuma ranakun ramuwa suna nan har wani Sha'aban.

Allah Ya kai mu Ramadan da rai da lafiya da imani, Ya karɓi ibadunmu. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah Ya ba su sauƙi. Iyayenmu da suka kafa mana wannan zango suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya yi wa kasuwanninmu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya.